Ƙarfen da Ke Shan Ruwan Alwala

Shekaranjiya wasu samari biyu suka shigo rumfata rungume da kwamfuta, irin babbar nan ta kan tebur, wai ba ta kama rezo, wato layin intanet. Na ɗauko ɗan abin nan da bai kai tsawon yatsa ba, na soka mata a baya, kafin su gyara zama ta kama. Ɗayan ya dubi ɗan'uwansa ya yi dariya ya ce, “Baba Habu, wannan ai ba sana'a ba ce, ko kakata za ta iya.” Na ce masa ya gaishe ta. Ban yi fushi ba, don gaskiya ya faɗa, wanda ya tarar da tuwo a kwano ba ruwansa da wanda ya yi surfe. Amma tun da suka fita maganar take ci na a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ku labarin kakan wannan ɗan abin, ku samarin Gure masu ganin saƙo a cikin iska yake tsirowa.

Ni a hannun Sarjan Ari na koyi aiki. Tsohon soja ne, shi ke riƙe da rediyon bariki kafin ya ajiye kaki ya buɗe rumfar gyara a bakin kasuwa. Babarbare ne dogo, marar yawan magana, kuma bai san yabo ba. In ka yi aiki da kyau sai ya ce, “To,” in ka ɓata sai ya ce, “Sake.” Da waɗannan kalmomi biyu ya raine ni. Kayan aikinmu ba su cika jaka ɗaya ba: turnabis na kwance kusa, awartaki, darma, mita mai allura wadda ya fito da ita daga soja, da ƙarfen liƙi da muke sakawa cikin garwashi har ya yi zafi. Na daɗe ina fifita gawayi kafin ya yarda in taɓa cikin rediyo. Ranar da ya yarda ɗin ma, sai da ya sa na rufe ido na shinshina, ya ce in gaya masa abin da ya ƙone. Na ce ban sani ba. Ya ce, “Sake.”

Masu kawo mana aiki kuwa kowa da irin nasa hali. Makiyayi zai zo daga daji da rediyon da raƙumi ya taka, ya rantse jiya-jiya yana magana. Malamin lakwal, wato makarantar boko, zai zo ya tsaya a kanka yana gaya maka yadda ake gyaran, alhali da ya iya da bai zo ba. Akwai wata tsohuwa da ta kawo nata a ƙunshe cikin zane, ta ce ya daina Hausa sai Larabci, mu roƙe shi ya dawo. Sarjan bai yi ko murmushi ba, ya juya mata allurar tasha ya miƙa mata, ya ce ta tafi ya huce. Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa kayan gyara suka gagare mu, muka koma cire na mataccen rediyo muna raya mai sauran numfashi. A nan na san ba a zubar da ko guntun waya.

Aikin da nake son ba ku labari ya same mu ne bayan wannan, a tsakiyar shekarun casa'in. Wani furoje, wato shirin agaji na kiwon lafiya, ya kawo kwamfuta guda biyu. Ɗaya aka ajiye ta a gidan babban likita a nan Gure, ɗayar aka ce a kai ta wani ƙauye a bayan Bune, gidan majo, wato shugaban ɗan asibitin wurin. Babu tarho a can, babu lantarki, sai fano na hasken rana da batirin babbar mota. Kowace kwamfuta aka haɗo ta da rediyon magana irin na soja, da wani ɗan akwati baƙi mai fitilu a gaba, girmansa kamar bulon sabulu biyu. Shi ne kakan abin da kuke sokawa yau. A waje yake zama, tsakanin kwamfuta da rediyo, waya ta shiga ta nan ta fita ta can. Majo ya rubuta saƙo, akwatin ya mayar da shi wani kuka kamar na gyare, rediyo ya ɗauka ya jefa sama, na Gure ya kama ya mayar da shi rubutu. Mutanen ƙauyen suka sa masa suna Ɗan Aike.

Za ku ce me ya sa ba a yi magana da baki kawai ba tunda ga rediyo. Ana yi. Amma magana sai in akwai wanda ke zaune yana saurare, kuma sunan magani da yawan marasa lafiya in suka bi ta cikin shuuu ɗin rediyo, abin da ka faɗa daban, abin da aka ji daban. Shi kuwa Ɗan Aike ba ya gajiya. In harafi ɗaya ya faɗi a hanya zai maimaita har ya isa, saƙon ya zauna cikin kwamfutar likita yana jiran sa ko da ya fita. Motar asibiti ɗaya ce tak a duk yankin, kuma inda saƙo ya fito can take nufa.

Baturen da ya kawo kayan ya haɗa na Gure ya tafi, na ƙauye aka bar mana. Muka ɗaure doguwar waya daga sandar ƙarfe a bayan ɗakin majo zuwa kan wata goruba, muka sa wuyan kwalba a kowane ƙarshe don kada ƙarfin ya zurare cikin itace. Ni na hau gorubar, har yau ga tabon a cinyata. Da muka gama na ɗauka aiki ya ƙare, sai Sarjan ya ce, “Wannan rabi ne. Rabin yana ƙasa.” Irin wannan waya ba ta tura magana sai rediyo ya dafa ƙasa, kamar yadda mutum ba ya iya tura kaya in ƙafarsa tana lilo. Ana kafa turken ƙarfe a ƙasa, a ɗauro shi da waya mai kauri zuwa rediyo. Amma sai ƙasar tana da danshi. Ku kuwa kun san ƙasarmu, rairayi ne, ka zuba masa guga yanzu, anjima ka dawo kamar ba a yi ba.

Majo na lokacin ya ce ba komai, zai sa a riƙa zuba wa turken ruwa kullum. Sarjan ya girgiza kai. Rijiyar garin raƙumi ke jan gugarta, mace ta ɗauko tulu daga can ƙasan kwari ta hawo tudu da shi. Ya ce, “Majo, in ka ce wa mutum ya shayar da ƙarfe, zai yi yau, zai yi gobe, jibi ya ce ka haukace.” Ya zaga gidan yana duba ƙasa kamar mai neman allura, har ya tsaya a gefen tagar ɗakin, inda aka jera duwatsu aka yi ɗan masallaci na masu jinya. A wurin akwai wani dutse mai faɗi da kowa ke tsugunawa a kai ya yi alwala, ƙasar gabansa ta yi baƙi don jiƙa. Sarjan ya nuna da ƙafa ya ce, “Haƙa nan.”

Muka haƙa rami, muka zuba gawayi da kanwa, muka buga bututun ƙarfe har kansa ya kusa daidai da ƙasa. Shi ke nan. Duk wanda ya zo salla zai shayar da turken ba tare da an roƙe shi ba, kuma salla ba ta hutu. Sarjan ya ce da majo ya bar maganar a cikinsa, don in mutane suka ji aiki ne suke yi, wani zai fara cewa yau ba shi ne da zubi ba. Da aka kunna, allurar rediyo ta tsaya cak inda ake so, Ɗan Aike ya yi kukansa, na Gure ya amsa. Ranar ce kaɗai na ji Sarjan ya ce “To” sau biyu.

Mai gadin asibitin wani dattijo ne, Baba Kyari, shi ya riƙe mana tsani ya dafa mana shayi. Yana da 'ya guda, Fanna, tana aure a garin. Da damina ta zagayo haihuwa ta zo mata da gardama, majo ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya rubuta saƙo. Mota ta zo ta ɗauke ta, aka yi mata aiki a Damagaram, ta dawo da ɗa namiji a goye. Baba Kyari ya sa aka raɗa wa yaron Ari. Ya aiko wa Sarjan da buhun dabino, Sarjan ya ce, “To,” amma na ga ya juya baya yana goge ido, wai hayaƙin gawayi ne.

Daga nan ba mu sake komawa ba, don abin da ke aiki ba a kiran mai gyara. Aka canja wa majo wurin aiki, aka kawo wata ma'aikaciya daga Doso, Madam Zainabu. Ya nuna mata yadda ake kunna kwamfuta da yadda ake tura saƙo, maganar turke kuwa ta tafi da shi a cikinsa kamar yadda aka ce ya yi. Idon Sarjan kuma ya fara hazo, ya koma zama a bakin rumfa, aikin waje ya dawo kaina.

Sai muguwar shekarar ta zo. Da bazara ta kama, sanƙarau ya shigo. Wanda bai ga wannan ba ina roƙon Allah kada ya nuna masa. Mutum zai kwana lafiya, da hantsi ya ce kansa na ciwo, kafin azahar wuya ya ƙage. Akwai allurar da ke warkar da shi in an yi da wuri, amma ba ta da yawa, saboda haka ba a rarraba ta ba, aka zuba ta cikin motar nan guda, likita na zaune gaban kwamfuta yana duba inda aka fi kuka yana tura motar ta rediyo. A lokacin aikina ya koma kula da batiri da wayoyin gidan likita, kullum sai na leƙa.

Wata safiya ina goge kan batiri na ji likita yana cewa, “Alhamdu lillahi, garin su Madam Zainabu shiru, da alama cutar ba ta hau tudunsu ba.” Na dawo rumfa na faɗa wa Sarjan, ina ganin albishir na kawo. Ya ɗago kai ya ce, “Ko gaisuwa ba ta aiko ba?” Na ce an kwana biyu ba a ga komai ba. Ya ce, “A soja, in wani ya yi shiru ba ma cewa yana lafiya. Ɗauki jaka.” Na ce Maigida, ba wanda ya kira mu. Ya ce, “Da me zai kira ka?”

Na samu motar 'yan kasuwa zuwa Bune, daga can na bi wani mai amalanke har inda rairayi ya hana jaki tafiya, na ƙarasa da ƙafa. Na isa bayan azahar. Tun daga nesa na hango zannuwa an ɗaɗɗaura a kan sanduna, don ɗakin asibitin ya cika, an kwantar da mutane a waje. Madam Zainabu ta fito, idanunta sun faɗa, Hausarta da ma a karkace take, ranar kuwa da ƙyar take haɗa ta. Ta ce, “Mai rediyo, ina jin su, su ba su ji na. Ina jin dokta yana tura mota can, yana tura mota can, ina kira, ina kira, ba su amsa.” Allurar da ke hannunta ta ƙare. Ta aika mutum a kan raƙumi, amma tafiyar mai nisa ce, kuma ko ya isa Gure motar tana daji.

Na shiga ɗakinta na fara da abin da aka koya mini. Batiri cike yake. Wayoyin bayan kwamfuta duk a zaune. Na fita na duba doguwar waya, tana nan a kan gorubarta, kwalaben ba su fashe ba. Na dawo na ce ta tura saƙo in gani. Tana dannawa fitilun Ɗan Aike suka rikice, rubutun kwamfuta ya daskare, allurar rediyo ta yi ta rawa ta ƙi tsayawa. Na ɗauki abin magana na kai baki, ya cije ni a leɓe kamar rina. Madam ta ce haka yake yi mata, har ta koma naɗe shi da ƙyalle. Na san wannan cizon. Ƙarfin da ya kamata ya tafi sama ne yake dawowa cikin ɗaki, saboda rediyo ya rasa inda zai dafa.

Na zaga gefen taga. Duwatsun masallaci babu su, dutsen alwala babu shi. A wurin sai na tarar da wata 'yar bukka, tsawonta bai wuce gwiwa ba, an yi mata jinka da kaba mai kyau, an kewaye ta da ƙaya, an share gabanta tas. Ina tsaye ina kallo sai ga Baba Kyari ya taho, ya rame, amma da ya gan ni fuskarsa ta washe.

Ya gaishe ni da Barbarci ya ce, “Wushe, ɗana, wushe. Yaya Sarjan? Ka ga ɗakin da na yi masa?”

Na ce, “Wa, Baba?”

Ya ce, “Ƙarfenku mana. Bayan sunan Ari na zauna na yi tunani, na ce abin da ya ceci 'yata da jikana, shi ne kullum muke wanke masa ƙafa a kai, muna fyace masa hanci? Wannan ai butulci ne. Na je na sami liman, ya ce gaskiyata. Muka mayar da masallaci gindin adua can, na yi masa inuwa. Ko akuya ban bari ta raɓe shi ba.”

Na tsuguna na zura hannu ta ƙarƙashin ƙayar. Rairayin ya zubo ta tsakanin yatsuna kamar gari, da zafinsa. Danshin damina ne ya riƙe shi har sanyi ya wuce, da bazara ta yi ƙarfi ya bushe har ƙasa. Ina nan tsugune na tambaye shi Fanna, don in sami abin faɗa. Ya nuna wani zane shuɗi a ƙarshen layi ya ce, “Ga ta can. Tun jiya wuya ya ƙi juyawa. Mota muke jira.”

Ku da kuke cewa sana'ar nan ba wuya, ku gaya mini da wane turnabis ake kwance wannan. Na so in yi ƙarya, in ce waya ce ta tsinke a ƙasa, in sa a haƙa a jiƙa ba tare da ya gane ba. Amma ruwa nake bukata mai yawa, yanzu-yanzu, a garin da ake auna wa marar lafiya abin sha, kuma ba mai ba ka ruwa a irin wannan rana sai ka faɗi dalili. Na ce, “Baba, ɗakin ya yi kyau. Amma ƙishirwa yake ji.”

Ya dube ni. Dattijo ne mai kaifin hankali, ban ƙara ko kalma ba ya ce, “Ruwan alwalar nan, shi yake sha?”

Na ce, “Shi ne abincinsa.”

Ya juya ya kalli zanen shuɗi, ya daɗe. Sannan ya ce a hankali, “Ashe ni na toshe masa baki.”

Na ce, “Baba, ba wanda ya gaya maka. Alheri ka yi nufi.”

Ya sa hannu biyu ya fizge ƙayar nan, ba sanda ba komai, jini na bin yatsunsa, ya ɗaga jinkar ya ajiye gefe a hankali kamar mai sauke jariri. Ni kuma na kama tonon rairayi kewaye da turken, na yi masa gurbi kamar na shuka. Na ce a samo mini kanwa. Wannan dai ba ta wuya a ƙasarmu, wata mata ta kwance bakin zanenta ta miƙo, wani ya kawo ta raƙuminsa. Muka jiƙa a ƙwarya muka zuba, rairayi ya shanye kamar ba a yi ba. Madam ta ce ruwan randa na masu zazzaɓi ne, ba za ta ba da ko moɗa ba, kuma gaskiyarta.

Lokacin la'asar ya yi. Baba Kyari ya tafi gindin adua, ya ɗauko dutsen alwala shi kaɗai, ya kawo ya dire a gaban turken. Ya ɗauki butarsa ya tsuguna. Bai yi wa kowa jawabi ba, ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska, ruwan na sauka a kan ƙarfen. Liman na tsaye yana kallo, sai ya karɓi buta ya bi bayansa. Daga nan maza suka yi layi, masu jinya da masu gaisuwa, har da waɗanda na tabbata suna da alwalarsu. Labari ya kai cikin gari, mata suka fara fitowa, wannan da ruwan wankin hatsi, wannan da ragowar na tulu, wata tsohuwa da ɗan abin da bai cika ludayi ba. Aka tayar da raƙumin rijiya da rana tsaka, abin da ba a yi. Ina tsugune ina tura sanda a gefen turken don ruwan ya bi ya sauka, har na ji sandar ta fara fitowa da sanyi.

Aka yi salla, ni ma na bi. Da aka sallame na shiga ɗaki na ce Madam ta gwada. Ta rubuta yawan waɗanda ke kwance da abin da take bukata, ta danna. Allura ta yi rawa kaɗan ta tsaya. Ɗan Aike ya fara kukansa, ya yi shiru, ya sake. Sai muka ji wani kukan siriri daga nesa yana amsa masa. Na sha jin kiɗa a duniya, ban taɓa jin mai daɗin wannan ba. Madam ta dafa tebur ta fashe da kuka, ni kuma na leƙa ta taga na ce, “Baba, ya tafi.” Yana tsaye da buta a hannu, ya ce, “A ƙara masa?” Na ce a ƙara.

Ba a jima ba muryar likita ta fito a rediyo yana kiran direba, yana cewa ya bar inda yake ya juya. Motar ta iso washegari da hantsi. Aka bi layi da allura, aka fara da waɗanda suka fi jin jiki, Fanna na cikinsu. Ba duka aka samu ba, akwai waɗanda aka riga aka kai makwanci kafin in zo, akwai waɗanda allurar ta tarar sun yi nisa. Amma da yawa sun tashi, kuma daga ranar garin bai sake yin shiru ba har cutar ta wuce.

Fanna ta tashi. Sai dai ciwon ya tafi da jinta, kunnuwan biyu. Madam ta ce da allurar ta zo da wuri, da wataƙila ba haka ba, ta kuma ce wataƙila, don ba wanda ya sani sai Allah. A lokacin ɗanta Ari ya fara gwarancin magana, yana kiran ta tana kallon bakinsa. Na yi wa Baba Kyari jaje, ya ce, “Ɗana, na roƙi Allah ya bar mini ita, ya bar mini. Ban ce da kunne ba.” Da na dawo Gure na kwashe duka na faɗa wa Sarjan. Ya ce daga yau duk inda muka kafa turke a tara mai gadi da liman da matan gidan a gaya musu abin da yake ci. Haka na riƙa yi har na daina hawa sama.

Sana'ar nan ta yi mini komai. Ta ciyar da ni, ta aurar da 'ya'yana, ta kai ni garuruwan da ko a mafarki ban san su ba, kuma duk inda na sauka sai an shimfiɗa mini tabarma. Na gode wa Allah, na gode wa Sarjan Ari, Allah ya haskaka kabarinsa. Ba na ƙin ɗan abin nan naku, ni ma da shi nake ci yanzu, kuma da a ce akwai shi a wancan lokaci da Fanna na jin ɗanta. Abin da nake so ku sani kawai, kowane saƙo da ya tashi sama akwai abin da ya dafa a ƙasa, ko kun gan shi ko ba ku gan shi ba.

Shekarun baya wani aiki ya sake kai ni garin. An kafa dogon ƙarfen salula a kan tudu, kowa da waya a aljihu. Rediyo da kwamfuta da Ɗan Aike an kwashe su tun tuni, gorubar ma ta faɗi, Baba Kyari ya rasu. Na zaga gefen tagar don in ga wurin kawai. Turken na nan, ya yi tsatsa, guntuwar wayarsa a yanke ba ta haɗe da komai, amma ƙasar kewaye da shi baƙa ce, a jiƙe. Masallaci kuwa an gina na siminti can gaba, da famfonsa.

Ina tsaye sai ga wata mata da furfura ta taho da buta. Fanna ce. Ta gane ni, ta yi dariya, ta kama hannuna da hannu biyu. Wani saurayi dogo da ke bayanta ya gaishe ni ya ce shi ne Ari. Ya ce kafin kakansa ya rasu ya kamo hannun uwarsa ya kawo ta nan, ya nuna mata turken ya nuna buta, tun daga ranar ba ta taɓa fashi ba. Ya ce, “Baba, mun yi mata nuni cewa an cire na'urar, ta ƙi yarda da mu. Kai ne mai abin. In kai ka gaya mata za ta daina.”

Ta zuba ruwanta a hankali, kewaye da ƙarfen, yadda na yi a ranar. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta nuna turken, ta ɗaga gira, tana tambaya ko ya isa. Na ɗaga hannu zan yi mata alamar an gama. Hannun ya tsaya a sama. Sai na miƙa shi na karɓi butar, na tsuguna a kan dutsen, na ce da yaron, “La'asar ta yi. Bari in yi alwala.”